Muhawara: Igiyar gaba da ta baya dole ce idan an ɗora kayak a saman mota?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Na samu kayak na roba, wato ɗan siririn jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili, tsawonsa mita 4.2, nauyinsa wajen kilo 27. Motata ƙaramar salun ce, da kariya mai sanduna biyu a samanta, irin wadda ke kama leɓen ƙofa. Tafiyar da ke gabana ta babbar hanya ce, kuma mai nisa. Wanda ya sayar mini da jirgin ya ce bel biyu a tsakiya sun wadatar. Wani kuma ya ce kada in kuskura in hau titi ban ɗaure goshin jirgin da gindinsa a jikin mota ba. Wanne zan ɗauka? Sannan ina da bel mai racet, wato mai hannun ƙarfe da ake dannawa yana matse kaya, guda biyu irin na masu manyan motoci, zan iya amfani da su?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗaura igiyar gaba da ta baya. Wanda ya ce maka bel biyu sun isa, ka tambaye shi: bel ya haɗa jirgi da kariya, to me ya haɗa kariyar da mota? A irin motarka 'yan ƙugiyoyi huɗu ne kawai suka kama leɓen ƙofa. Ranar da suka saki, jirgi da kariya da bel ɗin duk tare za su tashi, a ɗaure tamau, su sauka a gilashin wanda ke bayanka.

Ɗan Kogi:
Baba Direba, Allah ya ƙara girma, amma ni ban yarda a mai da abin doka ga kowa ba. Na daɗe ina ɗaukar jirgi a saman mota, ba igiyar gaba ba ta baya, ko gezau bai taɓa yi ba. Abin da ba a faɗa wa sababbi shi ne ita kanta igiyar tana da nata haɗarin. Idan ta kwance ana cikin gudu, bakinta ya shiga ƙarƙashin taya, taya za ta taka ta ta fizgo goshin jirgin ƙasa da ƙarfin da zai iya karya shi ko ya lotsa rufin mota. Ga cin fenti a bakin bonet, ga ta a gaban idonka tana rawa. Kariya mai kyau da bel mai kyau, magana ta ƙare.

Uwar Biyu:
Ɗan Kogi, naka jirgin mita nawa ne? Kuma wace irin mota?

Ɗan Kogi:
Irin gajerun nan ne na ruwa mai gudu, Hajiya, bai kai mita 3 ba. Motar doguwa ce, tsakanin sandunan ya fi mita ɗaya, kuma da noti aka ɗaure ƙafafun kariyar a jikin rufin.

Uwar Biyu:
To ai ka ga ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Naka kusan rabinsa yana tsakanin sanduna. Na Sabon Shiga kuwa dogo ne a kan gajeren rufi. Kada ka ba shi shawarar da ta dace da motarka ya je ya gwada a tasa.

Injiniya:
Hajiya ta taɓo inda maganar take. Bari mu yi lissafi da lambobin da ɗan'uwanmu ya bayar. A ƙaramar salun, tsakanin sandar gaba da ta baya ba ya wuce santimita 70 ko kusa da haka. Jirgi mai mita 4.2, idan an daidaita shi a tsakiya, mita 1.75 zai zarce gaban sandar gaba, mita 1.75 kuma ya zarce bayan ta baya. Wato mita 3.5 na jirgin yana lilo a iska, santimita 70 kacal ke riƙe da shi.

Yanzu a ce iska ta shigo ƙarƙashin goshin tana ɗaga shi. Sandar baya ita ce madogara, ta gaba ita ke hana shi tashi. Daga goshi zuwa sandar baya mita 2.45 ne, daga sandar gaba zuwa ta baya 0.7. Ka raba, za ka samu 3.5. Ma'ana duk ƙarfin kilo 10 da iska ta sa a bakin goshi, sandar gaba za ta ji kilo 35 yana cire ta sama. Kuma ba sau ɗaya ba: duk tirelar da ta gifta, duk iskar da ta bugo daga gefe, duk gargada, sai an girgiza ƙugiyoyin nan.

Ga kuma gudu. Ƙarfin bugun iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake yi. Idan ka tashi daga kilomita 60 a awa zuwa 120, ƙarfin ya zama ninki huɗu, ba biyu ba. Daga 80 zuwa 110 ma ya kusa ninki biyu. Ka fitar da tafin hannunka ta taga a 60, ka sake fitarwa a 100, za ka ji bambancin a kafaɗarka. Gilashin gaba kuma yana tura iskar sama ne, kai tsaye zuwa ƙarƙashin jirgin.

Igiyar gaba tana tare wannan ƙarfi tun daga bakin goshi, inda kilo 10 yake kilo 10, kafin ya ninku ya isa kariya. Shi ne aikinta.

Ɗan Kogi:
Lissafinka ban ja ba, Injiniya. Amma ka amsa mini batun taya.

Injiniya:
Gaskiya ce, yana faruwa, ba zan musa ba. Amma a duba dalili: igiya ce mai tsawon da ya wuce kima, aka bar ragowarta tana reto, ko aka saƙala ƙugiya a ƙarƙashin bamba ta zame. Maganinsa a gajarta ta. Idan ka ɗaure ta a saman bonet, ka auna tsawonta yadda ko ƙarshen ƙasa ya kwance ba zai kai taya ba, haɗarin da kake faɗa ya kau. Haɗarin tashin kariya kuwa ba ka da abin da zai tare shi sai igiyar.

Tsohon Direba:
Akwai abin da lissafi bai faɗa ba. Direba ba ya ganin bel ɗin da ke saman kansa. Igiyar gaba kuwa tana gaban idonsa. Muddin tana miƙe a inda ya bar ta, kayansa na nan. Da ta fara saki ko ta karkata gefe, ya san wani abu ya motsa a sama, sai ya nemi wuri ya tsaya tun abin bai ɓaci ba. Wannan rawar da Ɗan Kogi ke kuka da ita, ni ita nake kallo.

Mai Filafili:
Kun manta da tambayarsa ta biyu. Malam Sabon Shiga, ajiye bel mai racet ɗin nan. An yi shi ne don kayan da ba sa jin matsa, katako, injin, buhuna. Hannun racet yana ninka ƙarfinka, ba za ka ji lokacin da ka wuce gona da iri ba. Jirgin roba, musamman idan rana ta gasa shi a saman mota, laushi yake yi. Ka matse shi da racet na awa uku, ka sauke ka tarar cikinsa ya lotsa daidai inda sanda ta tokare shi. Wani lotsawar yana dawowa idan an bar shi a rana, wani ba ya dawowa, kuma jirgin da cikinsa ya lotsa ba ya tafiya sak a ruwa. Idan na faiba ne ma abin ya fi muni, shi ba ya lotsawa, tsagewa yake, kana jin ƙas.

Ka nemi bel na ja da hannu, wanda ake zura bakinsa a ɗan ƙarfe mai haƙora, a ja, haƙoran su riƙe. Mai faɗin santimita 2.5 ya isa, tsawon mita 3.5 zuwa 4.5. Ƙarfin hannunka shi ne ma'auni.

Makanike:
Ni fa ina da ja a nan. Racet ba shi da laifi, mai hannun ne. Idan mutum ya san inda zai tsaya, racet ya fi riƙo, ba ya zamewa. Na ga bel na ja da hannu da sifirin ɗinsa ya yi tsatsa, haƙoran suka daina kamawa.

Mai Filafili:
Oga, kai ka san inda za ka tsaya, don kullum hannunka na kan sifana. Mutumin da yau ne farkonsa, tsoro zai sa ya ƙara danna hannun racet sau ɗaya, ya sake ƙarawa. Kuma ba jirgin kaɗai ke shan wahala ba, sandar kariya ma tana lanƙwasa. Batun zamewa kuwa, ai ba a barin bel a kan haƙora kawai. Bayan an ja, sai a yi ƙulli da ragowar daf da ƙarfen, ko haƙoran sun saki ƙullin zai tokare. Bel mai tsatsa ko wanda rana ta cinye har ya yi fari yana gashi, wannan na shara ne, ko wane iri ne.

Makanike:
Na yarda da ƙullin. Ga sabon shiga, to, ya bar racet.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. To yaya ake zagaya bel ɗin? Na ga wasu suna naɗe shi a jikin jirgin kamar sau uku.

Uwar Biyu:
Kada ka naɗe jirgin, ƙanena. Ga yadda nake yi. Kafin ma ka ɗora jirgin, ka zura bel a ƙarƙashin kowace sanda ta can ɗaya gefen, ka bar bakunan biyu a kwance a kan gilashi. Ka ɗora jirgin. Sai ka jefo bakunan biyu su haye samansa zuwa gefenka, a jere, kada su haɗe. Ka ja har ƙarfen ya zo ya kwanta a jikin jirgin, ba a kan fentin mota ba. Ɗaya bakin ka zagaya da shi ƙarƙashin sandar ta gefenka, ka ɗago, ka zura a ƙarfen ta ƙasa, ka ja ƙasa. Jirgin ya zama an danne shi a kan sanda da layi biyu.

Abu biyu da za ka kiyaye. Bel ya bi ta cikin ƙafar kariya, ba ta wajenta ba, don idan ya bi ta waje zai iya zamewa ya fita ta bakin sandar. Sannan ya sauka daf da jikin jirgin, kada ka buɗe shi can nesa, in ba haka ba jirgin zai samu filin zamewa hagu da dama.

Idan ka gama, ka kama goshin ka girgiza da ƙarfi. Motar ce ya kamata ta yi rawa a kan tayoyinta. Idan jirgin ne ke motsi mota na tsaye, aiki bai yi ba.

Ɗan Kogi:
A nan muna tare da Hajiya. In ƙara ɗaya: inda bel ya bi iska bai taɓa komai ba, ka murɗa shi sau ɗaya ko biyu. Idan ka bar shi a shimfiɗe, da ka kai gudu zai fara wani gurnani da zai cika maka kunne, kuma wannan karkarwar tana cin zaren. Ragowar bel kuma ka naɗe a sanda ka ƙulle, kada ka bar shi yana dukan rufi.

Injiniya:
Kafin a yi nisa, Malam Sabon Shiga, ka buɗe littafin motarka ka nemi iyakar nauyin da rufi zai ɗauka ana tafiya. Yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, da yawa 75. Wannan adadin ya haɗa da nauyin kariyar kanta da duk abin da aka ɗaura mata. Ita ma kariyar tana da nata iyakar, kuma ƙaramin cikin biyun shi ne naka. Kai da kilo 27 ba ka da damuwa. Amma masu jiragen kamun kifi su lura, wasu suna haura kilo 40 kafin a sa kujera da batir. Biyu irinsu sun wuce ƙarfin rufin motoci da yawa.

Nauyi a sama kuma yana canza halin mota. Tana ƙara kwanciya a kwana, iskar gefe tana ƙara ture ta, mai ma tana ƙara sha.

Makanike:
Kuma a riƙa duba notin ƙafafun kariya. Mutane sukan ɗaura ta su manta da ita shekara guda. Robar da ke ƙarƙashin ƙafa tana zama, noti ya yi sako-sako. Kafin kowace doguwar tafiya, ka kama sandar ka jijjiga ta tun ba a ɗora komai ba. Wata kariyar ma ta ado ce, roba ce aka liƙa, ba ta ɗaukar kaya. Idan rufinka na gilas ne gaba ɗaya, sai ka tabbatar littafin ya yarda a ɗora masa kaya tukuna.

Sabon Shiga:
Oga Makanike, to ina zan ɗaura igiyar gaban? Na leƙa ƙarƙashin bamba, duk roba ce.

Makanike:
Haka motocin yanzu suke. Kada ka ɗaura a roba, kada ka ɗaura a wani bututu ko waya, kada ka kusanci abin da ke juyawa ko abin da ke motsi da taya. Hanya biyu ce. Ta farko, ƙugiyar jan mota: wasu tana ƙasa a jikin shasi, wasu kuma akwai ɗan murfi a bamba, ka buɗe ka ɗaura zoben ƙarfen da ke cikin but tare da jak. Ta biyu, wadda na fi so, ka buɗe bonet, za ka ga notin da ya riƙe fenda a jikin mota ta kowane gefe. Ka samu guntun bel mai ƙarfi ka ninka shi ya zama hannu, ka huda, ka ɗaure shi da notin. Idan za ka yi amfani da shi sai ka fito da shi ta gefen bonet ka rufe, idan ka gama ka mai da shi ciki. Ana sayar da na kanti ma, har da wanda ba ya buƙatar noti, ɗan guntun tiyo ne a ƙarshensa da bonet ke dannewa.

Ta baya kuma ka yi nesa da salansa. Zafinta yana narka igiyar leda cikin ɗan lokaci.

Tsohon Direba:
Idan ka sa hannu biyu, hagu da dama, igiya ta sauko daga goshi ta rabu biyu, to ka hana shi tashi sama ka kuma hana shi kaɗawa gefe. Ya fi igiya ɗaya a tsakiya. Amma ka ji ni da kyau: ba a ɗaure ta kamar za a tsinka. A cire sakin kawai. Idan ka ja gaba da ƙarfi ka ja baya da ƙarfi, ka lanƙwasa jirgin a kan sanduna da hannunka. Ka koyi ƙullin da direbobin manyan motoci ke yi, wanda ake yin zarge a tsakiyar igiya a zura baki a ja, ka rufe da ƙulli biyu. Roba mai miƙewa mai ƙugiya a baki kuwa, kada ta zo kusa da wannan aiki. Abin da ke miƙewa ba ya riƙe kaya.

Injiniya:
In ƙara a kan maganar Baba: a duba inda igiyoyin suka karkata. Idan duka biyun suna jan jirgin gaba, to ranar da ka taka birki da ƙarfi babu mai riƙe shi. Ɗaya ta hana shi zamewa gaba, ɗaya ta hana shi zamewa baya. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai ga manyan motoci tana so ɗauri ya jure kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan ta gaba, kashi 50 ta gefe da ta baya. Ka ga sun fi jin tsoron birki. Jirgi kuma santsi ne da shi, ga shi siriri ta baki biyu, don haka ka sa mafi faɗinsa ya zauna tsakanin bel biyun.

Uwar Biyu:
Ni abin da ya sa ba na wasa da wannan, na taɓa bin bayan wata mota da jirginta ya juya ya gicciye a saman rufi muna cikin gudu. Igiyar gaba ce kaɗai ta riƙe shi har mai motar ya samu ya sauka gefe. Yarana suna bayan motata. Wanda ya ɗora kaya ba da ransa kaɗai yake caca ba, da na mutanen da ba su san ma ya fito ba.

Injiniya:
Kuma ba abu ne da ba a ƙirga ba. Gidauniyar AAA ta Amurka, mai nazarin haɗurran hanya, ta fitar da bincike a 2016: daga 2011 zuwa 2014, tarkacen da ke kan hanya ya haddasa haɗari sama da 200,000 a ƙasar, mutum wajen 39,000 suka ji rauni, sama da 500 suka mutu. Kusan kashi biyu cikin uku na haɗarin daga abin da ya faɗo daga mota ne, ko don rashin gyara ko don ba a ɗaure kaya da kyau ba. Motar da ta daki jirgi mai kilo 27 tana gudun kilomita 100, daidai yake da a sako mata shi daga tsayin mita 39.

Ɗan Kogi:
Allah ya kiyaye. To ku ji matsayina, don kada a ce na ce a yi sakaci. Dogon jirgi, gajeren rufi, kariya mai kama ƙofa, babbar hanya: a sa igiya, na sallama. Amma gajeren jirgi a kan kariyar da aka ɗaure da noti, zuwa ruwan da ke kusa a hankali, har yanzu ban ga dalili ba. Kuma ina tsoron mutum ya sa igiya ya ɗauka ya gama, ya bar kariya ruɓaɓɓiya a sama.

Mai Filafili:
Wannan tsoron naka na ƙarshe gaskiya ne. Amma ka sani su kansu masu ƙera kariyar, irin su Thule da Yakima, suna haɗa igiyar gaba da ta baya a cikin kwalin mazaunin kayak ɗinsu da yawa, kuma takardarsu ta ce a yi amfani da ita. Wanda ya ƙera ƙarfen bai ce a dogara da shi shi kaɗai ba.

Tsohon Direba:
Kuma "kusa" ba ta hana tirela wucewa ta gefenka, ɗana.

Ɗan Kogi:
Na ji, Baba. A kan gajeren dai muna nan a inda muke.

Sabon Shiga:
Wata tambayar: a kife zan ɗora shi ko a zaune?

Mai Filafili:
Ya danganta da abin da ke kan sandar. Idan sanduna ne tsirara da ɗan soso a jiki, jirgin roba ya fi son a kife shi, don gefunansa na sama sun fi cikinsa tauri, kuma ruwan sama ba zai taru a ciki ba. Idan kana da mazauni mai kama da sirdi wanda ke rungume cikin jirgin, sai a zaunar da shi. Akwai kuma mazauni mai siffar harafin J da ke ɗaukarsa a kaikaice, a kan haƙarƙarinsa, inda ya fi ƙarfi. Wannan yana ba da wurin ɗora biyu a rufi ɗaya, sai dai yana tare iskar gefe sosai, yana kuma ƙara wa mota tsayi.

Idan a zaune yake, ka rufe bakin mazaunin matuƙi da murfinsa, ka ɗaure murfin don kada iska ta ɗauke. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ruwan sama mai ƙarfi zai zuba maka lita 30 ko 40 ba ka sani ba, ga shi yana kai da komo duk lokacin da ka taka birki. Kada kuma ka bar filafili ko rigar ruwa sako-sako a ciki.

Uwar Biyu:
Wanda ya ɗora biyu, kowane jirgi da bel ɗinsa da igiyarsa. Kada a haɗa su a bel ɗaya, ɗaya na zamewa ɗayan ya samu saki.

Mai Karatu Shiru:
Salamu alaikum, ina bin ku tun farko. Ni motata ba kariya ko kaɗan. Babu dama ke nan?

Makanike:
Akwai, amma ta lallaɓawa ce. Ana sa tubalan soso biyu a kan rufi, kusa da gilashin gaba da na baya inda ƙarfen ya fi ƙwari, a ɗora jirgi, a zagaya bel ta cikin mota. Ka buɗe ƙofofi ka bi da shi, ba ta taga ba, in ba haka ba ka ɗaure ƙofofinka, ranar tsautsayi ba ta fita. Ka sani bel ɗin yana ratsa inda jakar iskar gefe take fitowa a motoci da yawa, kuma idan ana ruwa zai riƙa jawo shi yana ɗiga a ciki. A wannan tsarin ko Ɗan Kogi ba zai ce a bar igiyar gaba da ta baya ba.

Ɗan Kogi:
Ko kusa. A kan soso kam dole ce, kuma ba na babbar hanya ba ne.

Injiniya:
Saura doka. Kowace ƙasa da tata, kowa ya binciki ta inda yake tuƙi. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan zirga-zirgar hanya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ta ce kayan da suka zarce mota da fiye da mita ɗaya ta gaba ko ta baya sai an sa musu alama. A Jamus, misali, kaya za su iya zarce baya da mita 1.5, ko har mita 3 idan tafiyar ba ta wuce kilomita 100 ba, kuma abin da ya haura mita ɗaya sai an rataya masa jan ƙyalle mai tsawon santimita 30 da faɗin santimita 30. Italiya kuma allo mai ratsin ja da fari take buƙata. Malam Sabon Shiga, kai jirginka mita 4.2 ne a kan salun, da wuya ya zarce sosai, amma jan ƙyalle a gindinsa ba ya cutarwa, ko don mai tafiya a ƙasa kada ya buga kai a wurin fakin.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, na fahimta. Zan nemi bel na ja da hannu, in sa hannayen bonet, in kife shi. Abu na ƙarshe: ni kaɗai ne, yaya zan ɗaga shi ban goge motar ba, ban kuma ji wa bayana ba?

Uwar Biyu:
Kada ka ɗaga shi gaba ɗaya. Ka shimfiɗa tsohon bargo ko tawul mai kauri a ƙarshen rufi ta baya, ya sauko kan gilashi. Ka ajiye jirgin a bayan mota, ka sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin gindinsa don kada ya zame. Ka ɗaga goshin kawai ka jingina a kan bargon, ka koma baya ka ɗaga gindin ka tura. Rabin nauyin kake ɗauka kowane lokaci. Idan ya hau sai ka juya shi a kan sandunan. Ka durƙusa da gwiwa, ba da ƙugu ba. Idan ana iska, ka jefa bel ɗaya a kai nan take kafin ka juya baya ɗauko wani abu, don jirgin da ba a ɗaure ba iska kaɗan ke sauko da shi.

Tsohon Direba:
Idan ka tashi, bayan minti 15 ko 20 ka tsaya ka taɓa kowane bel da kowace igiya. A nan ne kaya ke zama, bel ya saki. Bel na nailan kuma yana miƙewa idan ya jiƙe, don haka idan ruwa ya same ka a hanya ka sake tsayawa. Daga nan duk inda ka tsaya shan mai ka zagaya motar. Ka rage gudu, ka ba na gabanka tazara, idan za ka wuce tirela ka riƙe sitiyari da hannu biyu.

Makanike:
Ka kuma auna tsayin motar da jirgin a kai, ka rubuta a takarda ka liƙa kusa da sitiyari. Ƙofar gareji da wuraren fakin na ƙarƙashin gini da yawa ba su wuce mita 2 da 'yan kai ba.

Sabon Shiga:
Oga Makanike, notin fendar motata guntu ne. Idan na sa bel a ƙarƙashinsa zai kama kuwa?

Makanike:
Cire shi ka tafi da shi a ba ka mai zare iri ɗaya wanda ya ɗan fi shi tsawo, ka haɗa da washa mai faɗi, ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya, a saman bel ɗin. Hudar kuma da ƙusa mai zafi za ka yi ta, don bakin ramin ya narke ya haɗe, kada zaren ya warware. Idan ka ɗaura, turo hoto mu gani kafin ka hau hanya.